Garkuwa a Kan Hannun Kisa

Yadda na bar gida ba wani labari ba ne. Na ci cacar bizar Amurka, na sauka Greensboro da jaka ɗaya da lambar wayar wani ɗan unguwarmu da ya yi mini alkawarin aiki a mayanka. Kwana uku lambar tana ƙara ba a ɗauka, a na huɗu aka kashe ta gaba ɗaya. Wanda ya tsince ni a masallaci shi ne Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi. Ya shimfiɗa mini katifa a falonsa, sannan ya kai ni wani katafaren ɗakin ajiyar kaya a titin Wendover, inda shi ma yake aiki.

Sunana Sani, amma a Funtuwa in ka ce Sani sai an tambaye ka wanne. Tabarya ake kirana. Ɗan mahauta ne ni, kuma shekara tara na yi ina dambe. Wanda bai san dambe ba, bari in gaya masa abu ɗaya, domin labarin nan duk a kansa yake. Hannun dama ana naɗe shi da zare har ya zama kamar dutse, a ja shi baya a ajiye. Shi ne hannun kisa, kisa kuwa a wurinmu shi ne ka kai mutum ƙasa. Na hagu a buɗe yake a gaba, shi ne garkuwa. Hannayen nan biyu ba sa haɗuwa, kowa da aikinsa. Na bar zaren a gida, amma hannun ya biyo ni da halinsa.

A shekarata ta uku na koma gida na auri Rabi, na dawo na bar ta da ciki. Ta haifi Hafsatu. 'Yata ta fara kuka, ta fara rarrafe, ta fara cewa Baba, duk ta cikin katin waya nake ji, kuma sau da yawa katin yakan ƙare tana tsakiyar magana. Lauyar da Alhaji ya kai ni wurinta ta ce hanya mafi sauri ita ce in cika shekara biyar in zama ɗan ƙasa, sannan in nema musu takardu. Ta cire tabarau ta dube ni, ta dubi tabon da ke girata, ta ce, "Daga yau har ranar ganawarka da jami'in shige da fice, kada ɗan sanda ya rubuta sunanka a kan faɗa. Sau ɗaya ya isa. Ba matarka kaɗai za ka rasa kawowa ba, kai ma za a iya mayar da kai."

Na ce mata ni ba ruwana da kowa. A lokacin ma ƙarya nake, domin akwai Rik.

Rik direban motar ɗaga kaya ne, jibgegen Bature mai jan wuya, ƙanensa soja ne a Iraƙi. Tun harin da aka kai New York fuskoki suka canza mana a garin, amma shi nasa ya wuce kallo. Ina da wani kwali da nake shimfiɗawa bayan tarin kaya in yi azahar, sai ya bi ta kansa da tayar mota. Ran nan na buɗe kwanon abincina na tarar da soyayyar fatar alade a kan shinkafa. In mun haɗu a lungu sai ya banke ni da kafaɗa ya ce, "Yi haƙuri, ɗan ta'adda, ban gan ka ba." Duk lokacin da ya yi haka, ba tare da na umarce ta ba, ƙafata ta dama takan zame baya, hannun ya bi ta. Tsoro nake ji, amma ba tsoron Rik ba. Na san in hannun nan ya tafi, sau ɗaya zai tafi.

Alhaji Isufu yakan ja ni gefe. "Tabarya, kak ka kuskura. Nan ba Funtuwa ba ce. Ka taɓa shi, polis su zo, sai kaso, daga kaso sai jirgi. Papiyenka, takardun nan naka duka, sun tashi banza. Ɗiyar nan taka, a hoto za ka aurar da ita?"

"Alhaji, mutum fa yana da zuciya."

"Ka sa ta firiza. Mu duka can muka sa tamu."

Wata Talata, bayan Rik ya sake taka kwalina, na zagaya bayan gini na sami wani buhun tsummokara na zuba masa hannun dama. Buhun ya fashe. Da na juya sai na ga wani tsohon Basine a tsugune kusa da injin da yake gyarawa, yana kallona. Na san shi da gani. Shi ne makanikin da ke zuwa duba motocin ɗaga kaya, kuma a lokacin hutu yakan tsaya a wurin ajiye motoci yana wasu motse-motse a hankali, mu kuwa muna yi masa dariya muna cewa rawar tsofaffi. Lau sunansa.

Ya goge hannu da tsumma ya ce, da guntun Turancinsa, "Hannu mai kyau. Amma ɗaya ne. Ɗayan fa, me yake yi?"

"Tsaro yake yi."

"Tsaron wa?"

Ya yagi gefen kwali ya rubuta adireshi a McLeansville, ya ce Asabar da Lahadi da safe.

Zan faɗi gaskiyar abin da ya kai ni. Na taso ina kallon finafinan Cana a gidan kallo, inda ake dangwalar mutum da yatsa biyu ya sulale ƙasa ba jini ba tabo. Abin da na je nema ke nan: dukan da ɗan sanda ba zai gani ba.

McLeansville gonaki ne da gidaje jefi-jefi. Na ari motar Alhaji, na ɓata sau biyu kafin in ga garejin da ke bayan gidan tsohon. A ciki akwai injin yankan ciyawa, da sanduna a jingine, da hoton wani dattijo a bango, an kunna turare a gabansa. Ɗalibai biyar ne, cikinsu har da wata baƙar fata mai furfura da ake kira Mis Dora, wadda ta girmi mahaifiyata. Shi Lau suna kiransa Sifu, wato malami kuma uba, kamar dai ubangida a dambe. Ni Baba Lau na riƙa ce masa, bai kuma hana ni ba. Da suka jeru suka fuskanci hoton, na ja da baya.

"Baba, ni Musulmi ne. Ba na rusuna wa hoto, ba na rusuna wa mutum."

"Kada ka rusuna. Kanka naka ne. Hannu nake so."

Ya nuna mini. A haɗa ƙafafu, a dunƙule hannun dama a kawo shi gaban ƙirji, a buɗe na hagu a rufe shi a kai, a ja numfashi, a sauke. Gaisuwarsu ke nan, da ita ake buɗe kowane atisaye, da ita ake rufewa. Na yi, amma jikina ya ƙi abin. Garkuwa a kan hannun kisa! A filin dambe in ka yi haka, ka miƙa haɓarka kyauta ke nan.

Wata biyu ba a koya mini duka ko ɗaya ba. Tsayuwar doki aka sa ni: a buɗe ƙafafu, a durƙusa kamar za a zauna a kujerar da babu ita, a tsaya nan. Ni da na yi turmi uku, wato zagaye uku, da manyan 'yan damben Kudu ban yi haki ba, minti biyu cinyoyina suka kama rawa. Mis Dora tana gefena a durƙushe tana ba wata labarin jikanta. Wallahi ranar kunya ta fi ciwon cinyar.

Bayan haka aka fara mini jeri. Su tawlu suke ce masa: motsi arba'in da wani abu a jere, taku da juyi da naushi da tarewa, kowanne da wurinsa, kai kaɗai kana dukan iska. Baba Lau yakan zagaya da 'yar sanda, ya taɓa gwiwa, ya taɓa kafaɗa, ya ce, "Sake." Diddigena na baya kuwa, wanda dambe ya koya wa ɗagawa, ya sha sandar nan har ba adadi. Ran nan haƙurina ya ƙare.

"Baba, yaushe za a fara faɗan? Wannan ai rawa ce. Mu a gida ba a koyon dambe da iska, da mutum ake koya."

Ya ajiye sandar. "Kawo naka."

Na ce masa zan ji masa ciwo. Ya ce in kawo. Na gyara tsayuwa irin tamu, na sake masa rabin hannu don tausayi. Ban san me ya faru ba, na dai tsinci kaina a zaune kusa da injin yankan ciyawa, hannuna na dama yana zugi tun daga kafaɗa. Tsohon ya sake yin abin da ya yi mini, a hankali, shi kaɗai. Sai na gane shi. Motsi na sha ɗaya ne, wanda a zuciyata nake kira tsohuwa tana shanya.

"Ba iska kake duka ba," in ji shi. "Kowane motsi akwai mutum a gabansa. Wani ya taɓa kawo wa malamin malamina irin hannunka, ya tsira, ya ajiye abin da ya yi a cikin tawlu don kada ya ɓace. Kana maimaitawa har jiki ya riƙe. Ranar da kai ya rikice, jiki zai tuna."

Wannan na fahimce shi sarai, domin haka muka yi hadda a makarantar allo: ka yi ta tilawa har harshe ya riƙa tafiya ko hankalinka yana wani wuri. Amma na ɗauki maganar na kai ta inda ba a aike ta ba. Tunda akwai mutum a gaban kowane motsi, ai ni ina da mutum. Kullum bayan asuba sai in fita bayan gidanmu in yi jerin da Rik a gabana. Nan na karya masa gwiwar hannu, nan na tsinke masa numfashi. A cikin kaina kalangu yana tashi, maroƙi yana kiran Tabarya, sai in ƙara sauri. Gaisuwar farko da ta ƙarshe kuwa na yar da su, tunda ba su kashe kowa. Naushina ya ƙara nauyi, don yanzu daga ƙasa yake tasowa ta ƙugu. Na je neman magani, ciwon ya ƙaru, kuma daɗin hakan nake ji.

Baba Lau bai ɗauki lokaci ba ya gano. Wata Lahadi ina tsakiyar jeri ya buga sandarsa a ƙasa.

"Wa kake duka?"

"Ba kowa."

"Idonka yana kan wani. Ya fi ka tsawo, kana kallon ƙarƙashin kunnensa. Mai jan wuya ne?"

Sai na zayyana masa komai, da kwalin salla, da fatar alade, da Rabi, da yarinyar da ban taɓa ɗauka ba. Ya saurara bai katse ni ba. Na zaci zai tausaya mini.

"Mutumin cikin tawlu ba shi da fuska," ya ce. "In ka ba shi fuska, wata rana za ka je nemansa. Daga yau ba ka da motsi arba'in. Biyu gare ka, buɗewa da rufewa. In ba ka so, ga ƙofa."

Mako shida! Sauran suna tsalle suna juyi da sanduna, ni ina kusurwa kusa da injin ciyawa ina haɗa ƙafa, ina dunƙule dama, ina rufe ta da hagu, ina saukewa. Sau ɗari, sau ɗari biyu. Ya ce in yi a gida, in yi a wurin aiki, in yi duk lokacin da na ji kalangun nan. Na ji haushinsa kamar in shaƙe shi. Alhaji Isufu ya same ni ina yi a falo, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai, Tabarya! Ka ƙone mini esansin mota zuwa ƙauye koyon faɗa, an koya maka ina kwana?"

Sau biyu na yi niyyar dainawa. Abin da ya hana ni, ban da taurin kai, shi ne ba na son a ce tsohuwa Dora ta jure abin da na kasa. Na tambayi Baba Lau amfanin abin, ya ce, "Fitar da hannu ka iya tun kana yaro. Ba ka san inda yake komawa ba." Ya wuce ya bar ni.

Ana cikin haka wasiƙar ganawata ta iso, saura mako uku. Na gaya wa Alhaji, Alhaji kuwa ba ya iya riƙe labari mai daɗi, kafin azahar duk wurin aikin an ji. Rik ma ya ji.

Ranar Laraba ce, da zafin bazarar can mai ɗanko, muna bakin dandamalin da manyan motoci ke juya baya a yi musu lodi. Na cire hulata in share gumi, hoton Hafsatu da nake sakawa a ciki ya faɗo. Kafin in sunkuya Rik ya ɗauke. Daga baya na ji cewa a makon aka gaya masa ƙanensa ya rasa ƙafa a Iraƙi, amma a lokacin ban sani ba, kuma ko na sani ban ce zai canza kome ba. Idonsa ja wur.

"Wannan ce za ka kawo mana? Wata 'yar ta'addar?"

"Rik, ba ni hotona."

Ya sake shi ƙasa, ya ɗora takalminsa a kai, ya murza.

Mutum goma sha wani abu suka tsaya da aiki. Sai wani ɗan Katsina da muke lodi tare, wanda ya taɓa ganin wasana a gida, ya kasa riƙe bakinsa, ya ɗaga murya: "Tabarya mai daka ƙashi! A gaya masa!" Allah ya yafe masa, da ya san abin da kirari yake yi wa ɗan dambe da bai yi ba. Kalangu ya cika mini kunne. Ina jin Alhaji yana ihu, "Sani! Sani, ɗiyarka!" kamar daga wani gari. Ƙafata ta zame baya. Hannun ya bi ta. Ga wurin nan ƙarƙashin kunnensa, a buɗe, yana kirana. Ban tuna da lauya ba, ban tuna da Rabi ba. Hannun ya taso.

Bai isa ba. A gaban ƙirjina ya ci karo da na hagu, ji kake fat, kamar an mari bango. Hagun ya rufe shi ya riƙe gam. Ba zan yi ƙaryar cewa ni na yanke shawarar ba, ban yanke komai ba. Na dai ga kaina a tsaye, garkuwa a kan hannun kisa, hannayen biyu suna kokawa da juna.

Rik ya zaci duka ne ya taho, ya kawo mini naushi a baki. Ya ƙara na biyu. Na ji haƙorina na gaba ya faɗo a kan harshe. Gwiwoyina suka buɗe suka sauka tsayuwar doki da kansu, ban faɗi ba, kuma ban saki hannun ba. Wannan kam zan yi alfahari da shi har in mutu: ba a kashe Tabarya a Amurka ba. Aka rirriƙe Rik.

'Yan sanda biyu suka zo. Aka zaunar da mu a kan dakali, nesa da juna. Rik yana ta rantsuwa ni na fara kawo masa hannu. Ɗaya daga cikin 'yan sandan, mace, ta karɓi katin shaidata ta fito da littafi. Ina kallon bakin alƙalaminta, jini yana ɗiga a rigata, ina cewa a zuciyata shi ke nan, shekara biyar sun tafi. Manaja ya ce akwai kyamara a kan ƙofar lodi. Suka shiga ofis. Minti ashirin ɗin nan sun fi mini kwana ukun da na yi ina kiran lambar da ba a ɗauka tsawo.

Ta fito tana dubana wani iri. "Na ga ka ja hannu baya," ta ce. "Sannan ka kama shi da ɗayan. Mene ne wannan? Addu'a ce irin taku?"

"Gaisuwa ce, ranki ya daɗe."

Ta rubuta sunana a layin wanda aka doka. Ta tambaye ni ko ina so a kai maganar kotu, na ce a'a, hotona kawai nake so. Alhaji ya riga ya ɗauko shi yana goge shi da bakin rigarsa, yana hawaye yana zagina.

A asibiti aka ce wani ƙaramin ƙashi ya tsage a tafin hannuna na hagu. Duk zamana a ƙasar nan, mutum ɗaya hannun kisa ya taɓa samu, kuma ni ne.

Ranar Asabar na je McLeansville da kumburarren baki na ba Baba Lau labari, ina jiran yabo. Ya juya tafin hannun nawa, ya shafa masa wani baƙin magani mai warin saiwa, ya ce in nuna masa yadda na tsaya. Na nuna. Ya taɓa diddigena da sanda.

"Ya ɗaga?"

"Ya ɗaga, Baba."

"Na sani. Koma layi, kusa da Dora. Motsi na ɗaya."

A ganawar, jami'in ya tambaye ni ko an taɓa kama ni. Na ce a'a, iska tana fita ta giɓin haƙorina.

Shekara guda da 'yan watanni bayan haka na tsaya a filin jirgin Greensboro da rana tsaka, Alhaji yana gefena da babbar riga. Rabi ta fito tana jan akwati, wata 'yar yarinya tana maƙale da zanenta. Na yi dariya, Rabi ta tsaya cak.

"Malam, ina haƙorinka? Ba ka ce ka bar dambe ba?"

"Na bari. Wani ne ya doke ni."

"Kai kuma ka yi masa me?"

"Na gaishe shi."

Ta harare ni, ta ɗauka wasa nake. Na tsuguna a gaban Hafsatu. Ta leƙo ta dubi giɓin, ta koma bayan uwarta, ta sake leƙowa. Na miƙa mata hannun dama a buɗe, na jira. Can ta matso ta kama yatsa ɗaya, ta ƙi saki har wurin motar Alhaji. Dole na ɗauki akwatin da hagu, wanda har yau in sanyi ya shigo yakan yi mini ciwo.